Jagora a duwatsun Abzin: sanin daji ma dukiya ne

Duk wanda ya taɓa sayen kantun gishirin Bilma a kasuwar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san Abzinawa. Tun kaka da kakanni su ke kawo shi bisa raƙuma. Amma ba kowa ya san ƙasarsu ba. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai. An yi shekaru mutane na tasowa daga Faransa, da Jamus, da Italiya don su gan ta. Su biya kuɗin jirgi, su biya kuɗin mota, su kuma biya wani makiyayi ya shige musu gaba. Me suke nema? Me makiyayin nan ya sani da har ake biyan sa? Ga labarin.

Ƙasar duwatsu

Duwatsun Abzin suna arewa da garin Agadas. A can dutsen Bagzan yake. Tsawonsa mita 2022. Babu wurin da ya kai shi tsawo a ƙasarmu Nijar. Tsofaffin Gobir suna cewa daga Abzin kakanninsu suka fito.

Tsakanin duwatsun akwai kwazazzabai masu zurfi. Ruwan sama ne ya ƙwaƙule su, sannu sannu, shekaru dubbai. Wani wurin mutum na tafiya dutse ya tsaya dama da hagu kamar ganuwa. A gindin manyan duwatsu akan sami kogo. Nan makiyaya ke fakewa da awakinsu in rana ta take, ko in iska ta taso. Akwai kuma guraben ruwa cikin dutse, waɗanda Abzinawa ke kira agelmam. Wasu kan riƙe ruwa har bayan rani. A jikin duwatsu da yawa akwai zanen mutanen dā: shanu, da jiminai, da giwaye, da raƙuman dawa. Zanen nan shaida ne cewa dā can ƙasar tana da ruwa da ciyawa.

Yadda baƙi suka fara zuwa

Tun shekarun 1970 ƴan yawon buɗe ido suka fara yawa a Agadas. A shekarar 1979 tseren motocin nan na Pari zuwa Dakar ya bi ta garin. Sunan Agadas ya zaga duniya. Wani ɗan ƙasa, Mano Dayak, ya kafa kamfanin kai baƙi yawo, mai suna Temet Voyages. Wasu ma suka kafa nasu. A 1988 gwamnati ta keɓe wani babban yanki na Abzin da Tenere ya zama gandun da ake tsaro. Faɗinsa ya fi eka miliyan 7 irin ta hekta. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Baƙi sun fi zuwa da dari, daga Nuwamba zuwa Maris. Lokacin rana ba ta da zafi ƙwarai, kuma ba a ruwa. Ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ƙungiya-ƙungiya suke yi, kowace da jagoranta. Wasu su yi mako ko fiye cikin hamada. Amma akwai kuma yawon yini guda: a fita da safe, a komo kafin magariba. Daga Iferwan akan shiga kwazazzabon dutsen Tamgak. Daga Agadas akan bi hanyar Arlit zuwa Dabus, inda aka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse. Daga Timiya kuwa akan je wurin da ruwa ke zubowa daga bisa dutse.

Yini guda daga Timiya

Timiya gari ne na masu garka, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Hanyar duk dutse ce da yashi. Mota kat-kat kan yini kafin ta isa. Don haka baƙi kan kwana a garin, kashegari su fita yawo.

Da asuba jagora ya riga kowa tashi. Aikinsa na farko ƙidaya ne. Mutum nawa za su fita? Sai ya riƙe adadin a kansa. Sa'an nan ya duba ruwan sha. Ya duba takalman kowa. Wanda ba shi da hula a naɗa masa rawani. In akwai tsoho ko mai ciwon ƙafa, a nemo masa jaki ko raƙumi. Kuku ya ɗora gari, da shayi, da sukari bisa jaki.

Da farko ta cikin garake ake bi. Baƙi su ga lemu, da rumman, da dabino, da alkama. Su tsaya kallon raƙumi yana jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƴar hanyarsa zuwa fangali. Abin da manomi ke yi kullum bai ɗauke shi komi ba, su a wurinsu abin mamaki ne.

Daga nan a shiga ƙorama. Da dari busasshiya ce, yashi ne kawai da tsakuwa. Jagora na gaba, mataimakinsa na baya. Ba a barin kowa ya wuce na gaba, ba a barin kowa bayan na baya. Jagora na tafe yana nuna abubuwa. Ga sawun dila. Ga itacen da awaki ke so. Ga wanda nononsa ke ɓata ido, kada a taɓa. Ga inda ayari ke kwana in za shi Bilma.

Bayan ƴan kilomitoci sai a iso wurin da ruwa ke gangarowa daga baƙin dutse, yana zuba cikin wani tabki. Wurin da sanyi. Baƙi su ɗauki hoto. In rana ta yi tsaka a nemi inuwar dutse ko bakin wani kogo a zauna. Kuku ya kwaɓa gari, ya binne shi cikin yashi mai zafi da toka. Ita ce gurasar da ake kira tagella. A ci, a sha shayi har sau uku. Da la'asar jagora ya sake ƙidaya mutanensa. In sun cika, a kama hanyar gida. Ba ya yarda dare ya iske su cikin duwatsu.

Abin da jagora ya sani

Wani zai ce: ai wannan ba aiki ba ne, yawo ne. Ba haka ba ne. Rayukan mutane ne a hannun jagora.

Babban haɗarin kwazazzabo ruwa ne. A gonakin kudu, in an yi ruwa ƙasa ta sha. Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Da damana, daga Yuli zuwa Satumba, hadari kan zuba bisa wani dutse mai nisa. Ruwan duka ya gangaro, ya taru a ƙorama ɗaya, ya taho da gudu ɗauke da itatuwa da duwatsu. Mutumin da ke ƙasa bai ga ko ɗigo ba. Sama garau take a kansa. Sai dai ya ji ruri daga nesa. In yana cikin matsattsen wuri, ba shi da inda zai gudu. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba na 2009 ba. Ƙoramar Telwa ta kawo ruwa daga duwatsu cikin dare, ta fasa madatsa, ta rushe gidaje masu yawa.

Saboda haka jagoran kirki ba ya duban saman kansa kaɗai. Yana duban can inda ƙoramar ta fito. In ya hango hadari a can, ya fasa tafiyar, ko da baƙi sun yi fushi. Ba ya sauke mutane su kwana a tsakiyar ƙorama, komi laushin yashinta. A kowane kwazazzabo ya san inda ake iya hawa a tsira.

Haɗari na biyu ƙishirwa ce. Baƙo bai saba ba. Iskar Abzin busasshiya ce, zufa na bushewa tun ba a gan ta ba. Jagora kan tsai da mutane su sha ruwa tun ba su nema ba. Na uku, kogo ba kango ba ne. Maciji da kunama na son sanyinsa. Jagora ne ke fara shiga da sanda. Ba a cusa hannu cikin tsagar dutse. Na huɗu ɓata. Duwatsu suna kama da juna. Wanda ya ware daga ƙungiya don ya ɗauki hoto yana iya rasa hanya nan da nan.

Wannan ilimi ba a lekol aka koye shi ba. Wajen kiwon awaki da bin ayari aka same shi. Jagorori da yawa ƴaƴan makiyaya ne. Abin da suka ƙara shi ne Faransanci, da karatu, da lissafi. Wanda ya iya karatu shi ke duba takardar yarjejeniya da kansa. Shi ke rubuta kuɗin kowa. Ba mai cutar sa.

Wa ya ci moriya, me ya ɓaci

Ƙungiya ɗaya ta baƙi tana ciyar da gidaje da yawa. Direba ya samu. Kuku ya samu. Mai jaki da mai raƙumi sun samu. Mai garka ya sai da lemu da tumatir. Maƙera sun sai da kayan azurfa. Mata sun sai da jakunkunan fata da tabarmi.

Amma inda aka sami amfani, an sami ɓarna. Wasu yara sun bar lekol suna bin motoci suna roƙon kyauta. Wasu baƙi sun yi wanka da sabulu a gurbin da mutane da dabbobi ke sha. An tsinci kan kibau na dutse da duwatsun niƙa na mutanen dā, an sayar, an fita da su ƙasar. Wasu sun rubuta sunansu bisa tsohon zane.

Dabus ta zama misali. Wurin ya fi kilomita 100 arewa da Agadas. A 1987 wani masani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya ba duniya labarinsa. Raƙuman dawa biyu ne, babban ya fi mita 5. An sassaƙa su shekaru dubbai da suka wuce. Kewaye da su akwai wasu zane sama da 800. Da labari ya bazu, mutane suka riƙa taka dutsen, wasu na ɓantarar sa. Sai aka sa masu gadi daga mutanen wurin, aka gina musu rijiya. A 1999 aka kwafi siffar raƙuman, aka zuba ta da ƙarfe, aka ajiye ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Abin lura a nan: mutanen wurin aka ba amanar tsaro, don su ke kwana su tashi da shi.

Da baƙi suka daina zuwa

Sana'ar jagora kamar shuka ce. Ruwanta shi ne zaman lafiya. A farkon shekarun 1990 tawaye ya tashi a arewa. Baƙi suka ɗauke ƙafa. A 1992 UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin wuraren da ke cikin haɗari. Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu. A Disamba na wannan shekara Mano Dayak ya rasu cikin haɗarin jirgin sama. Sunansa aka sa wa filin jirgin Agadas.

Bayan sulhu baƙi suka komo. Har jirage na tasowa daga Faransa su sauka Agadas kai tsaye. Sai kuma a Fabrairu 2007 aka kai hari a Iferwan, wani tawayen ya tashi. An binne nakiyoyi a hanyoyi. Jiragen suka daina zuwa. A Satumba 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Daga nan sana'ar ta durƙushe. Duwatsu na nan, ruwan Timiya na zuba, amma motocin baƙi sun yi wuyar gani.

Jagorori ba su zauna ba. Wasu sun koma garka, wasu kiwo. Wasu direbobi sun shiga ɗaukar matafiya zuwa Libiya. Da aka ga zinariya a Jado a 2014, da yawa suka tafi can. Abin tsoro ɗaya ne: tsofaffin da suka san kowace hanya da kowane gurbi suna ƙarewa. In yara ba su koya ba, ranar da baƙi suka komo wa zai shige gaba?

Darasi ga mutanen karkara

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wannan magana ba ta Abzinawa kaɗai ba ce. Akwai duwatsu da kwazazzabai a ƙasar Adar. Akwai su a Dogonduci. Akwai manyan duwatsu a Damagaram. Kowane gari na da wurin da tsofaffi ke da labarinsa. Ga abubuwa huɗu da kowa ke iyawa tun yau.

Na ɗaya: ɗaliban karatun manya su je wurin tsofaffi. Su rubuta sunan kowane dutse, da kogo, da gurbin ruwa, da labarinsa, cikin littafi. A ajiye littafin wurin mai gari.

Na biyu: kada a yi rubutu bisa tsohon zane. Kada a sayar da kayan dā da aka tsinta. A sanar da hukuma.

Na uku: in baƙi sun zo, ko ƴan lekol ne daga birni, a haɗa su da wanda ya san wurin. A yanka kuɗin aiki tun kafin a tashi. A ƙidaya mutane wajen fita, a ƙidaya su wajen komowa.

Na huɗu: da damana kada a kwana cikin ƙorama, kada a bar yara da dabbobi cikinta in an hango hadari, ko da nesa yake.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da ke bin awaki yau, yana koyon sunan duwatsu daga bakin kakansa, kada a ce ba ya koyon komi. A sa shi karatu, a kuma bar shi ya san dajinsu. Allah ya ba mu zaman lafiya da damana mai albarka.