Gidan haya: Abin da sabon mai zuba jari ya kamata ya sani

A manyan biranen Najeriya kamar Kano da Kaduna da Abuja, sayen gida a zuba 'yan haya na daga cikin hanyoyin da ma'aikata da matsakaitan 'yan kasuwa suka fi amincewa da su wajen adana dukiya.

Faɗuwar darajar naira tun daga shekarar 2023, da tsadar kayayyaki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, sun ƙara wa jama'a sha'awar mayar da kuɗi ƙasa da gini.

To sai dai wanda ya juye kuɗin sallamarsa ko gadonsa a gida ɗaya tilo, kuskure guda kan iya cinye masa wahalar shekaru. Galibin irin wannan asara kuwa takan samo asali ne daga abin da ba a rubuta ba, ko ba a lissafa ba.

Takardu kafin biyan kuɗi

Dokar Amfani da Filaye ta shekarar 1978 ta ɗora dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama, wanda akasari kan kasance na shekara 99, kuma dokar ta tanadi a nemi amincewar gwamna kafin a sayar da filin da ke da takardar shaidar mallaka.

Ke nan takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sanya wa hannu tana da amfani, amma ba ta wadatar ba. Ya kamata mai saye ya binciki fayil ɗin gidan a hukumar filaye, kamar AGIS a Abuja, ko KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, domin tabbatar da sunan mai shi da kuma cewa ba a jinginar da shi a banki ba.

Idan kuma gidan gado ne, wajibi ne a tabbatar an kammala rabo, kuma dukkan magada sun amince da cinikin.

Rusau da aka yi a Abuja lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, da wanda gwamnatin Kano ta yi a 2023, sun nuna cewa kyan gini ba ya ceton sa matuƙar hukuma na da ja a kan filin.

Lissafin riba

Ba duk kuɗin hayar da ya shigo hannu ne riba ba. A ɗauki misalin wanda ya sayi gida naira miliyan 30, ya ba da shi haya naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, wato kashi 5 cikin 100 na jarinsa.

Idan wakilin da ke kula da gidan ya karɓi kashi 10 cikin 100, naira dubu 150 sun fita. Gyaran kwano da fenti da kwashe masai su ci dubu 200. Gidan kuma ya yi wata biyu a rufe kafin a samu sabon ɗan haya, dubu 250 ke nan suka salwanta.

Abin da ya rage shi ne dubu 900, wato kashi 3 cikin 100. A haka sai ya shafe fiye da shekara 33 kafin haya kaɗai ta mayar masa da uwar kuɗinsa. Babbar ribar dai tana cikin tashin darajar gidan ne, ita kuwa ba a ganin ta sai ranar sayarwa.

Al'adar karɓar kuɗin shekara a dunƙule ita ma kan ruɗi sabon shiga. Yakan kashe su a watannin farko, idan damina ta sauka rufi ya fara yoyo, babu na gyara. Don haka ya kamata a ware wani kaso a ajiye shi daban tun ranar da kuɗin suka shigo.

Yarjejeniya a rubuce

A fiƙihun Musulunci haya na ƙarƙashin babin ijara, kuma daga cikin sharuɗɗan ingancinta akwai sanin adadin kuɗin da kuma tsawon wa'adin.

Bayan waɗannan biyu, ya kamata takardar ta fayyace wanda zai biya kuɗin wuta da na ruwa, da wanda zai gyara injin rijiyar burtsatse idan ya lalace, da yawan mutanen da za su zauna, da kuma ko ɗan haya na da ikon saka wani a madadinsa. Sanya wa kowane sashe mitarsa ta kati na rage rigimar bashin wuta da wani kan tafi ya bari.

Wannan ya fi muhimmanci idan ɗan hayar ɗan'uwa ne ko aboki, domin kunya kan hana tambayar kuɗi har bashi ya taru, a rasa kuɗin a kuma rasa zumuncin.

Rasit ma ya ƙara daraja. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, ta bai wa ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da yake biya a shekara, muddin bai wuce naira dubu 500 ba, daga kuɗin shigarsa da ake yanka wa haraji.

Tayar da ɗan haya

Nan ne sababbin masu gidaje suka fi faɗawa tarko. Dokokin haya sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma a Abuja da Legas, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuwa na wata shida.

Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, daga nan a garzaya kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi.

Cire masa ƙofa, ko yaye kwano, ko watsa kayansa waje, duk sun saɓa wa doka, kuma suna iya mayar da mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Ko gwamnati ba ta tsira ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi, alhali maganar tana gaban kotu.

Dokar haya da Legas ta kafa a 2011 kuma ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da a wasu unguwanni irin su Ikoyi da Victoria Island.

Batun zakka

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa babu zakka a kan shi kansa gidan da aka bayar haya. Zakkar tana kan kuɗin hayar ne, kashi biyu da rabi cikin 100, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu.

Hukuncin ya bambanta ga wanda ya sayi gida da niyyar sayarwa, domin shi nasa ya zama hajar kasuwanci.

Ko ta fuskar zakka, ko ta haraji, ko ta shari'a a kotu, abu na farko da za a nema wajen mai gida shi ne littafin da ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da kwanan watan kowanne.