Tagwayen Jirgi da Farin Rairayin Sawona

Kafin ƙarfe tara na safe bakin ruwan Bayahibe ya cika maƙil. Motocin safa na ta sauke baƙi daga otal-otal ɗin Punta Kana da La Romana, masu yi musu jagora na ɗaga tutoci suna kiran jama'arsu da Sifaniyanci da Ingilishi da Faransanci, ƙananan jiragen inji kuma na kwasarsu rukuni-rukuni zuwa manyan jiragen da ke jira nesa kaɗan da gaɓa. A da Bayahibe ƙauyen masunta ne a kudu maso gabashin Jamhuriyar Dominikan, cikin tekun Karibiyan. Yau abincin mutanen garin da dama ya rataya a kan tafiya ɗaya tak: a kai baƙo tsibirin Sawona da hantsi, a dawo da shi da la'asar.

Jirgin da ya mamaye wannan sana'a shi ne katamaran. Gangar jikinsa biyu ce, dogaye kuma sirara, an jera su gefe da gefe, an shimfiɗa faffaɗan daɓe a kansu, ga dogon sanda a tsakiya mai ɗauke da ƙyallen kama iska. Daga gaba akwai raga da aka ɗaura tsakanin tagwayen, inda fasinja kan kwanta yana kallon ruwa na wucewa a ƙarƙashinsa. Kamfanoni da yawa kan kai mutane da jirgin inji mai gudu, su dawo da su a katamaran, ko kuwa su juya tsarin. Tafiyar katamaran ɗin kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ana kiɗan merenge da bacata, ma'aikata na koya wa baƙi rawa, ana raba lemo da giyar rake.

Abin tambaya shi ne yadda mutum sittin ko fiye za su yi ta tsalle a kan jirgi, wasu su taru a gefe guda don ɗaukar hoto, jirgin bai ko karkata ba. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Yawuri ya san da mutum biyu sun miƙe sun koma ɓangare ɗaya, sai matuƙi ya daka musu tsawa, domin jirgi siriri ba shi da abin dogarawa ta gefe. Jirgin iska mai gangar jiki ɗaya yana magance wannan ne da nauyi: ana maƙala masa doguwar ƙafa ta ƙarfe ko dalma a ƙasa, wadda kan kai sulusin nauyin jirgin duka, ta nutse kusan mita biyu cikin ruwa. In iska ta kwantar da shi, nauyin ya tayar da shi. Katamaran kuwa da faɗi yake tsayawa. Mai tsawon mita 12 faɗinsa kan kai mita 6 zuwa 7, alhali takwaransa mai jiki ɗaya bai cika wuce mita 4 ba. Idan nauyi ya danna gangar dama, tana ƙara nutsewa ruwa na ƙara tura ta sama, ita kuma ta hagu nauyinta na ja ƙasa daga can nesa. Shi ya sa kofi ke zama a kan tebur bai zube ba, kuma masu jiri da tashin zuciya a teku suke samun sauƙi.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Da irin waɗannan tagwayen jirage ne mutanen Polinesiya suka ratsa tekun Pasifik, suka zauna a tsibiran da ke nesa da juna da dubban kilomitoci. A 1976 wani jirgi da aka ƙera bisa fasalin na kakanninsu, mai suna Hokule'a, ya tashi daga Hawai ya isa Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000, matuƙinsa Mau Piailug na bin taurari da yanayin igiyar ruwa ba tare da na'ura ba. Turawa sun daɗe ba su yarda da fasalin ba. A 1876 Nathanael Herreshoff ya shiga tseren jirage a New York da katamaran ɗinsa Amaryllis, ya bar manyan jirage a baya, sai aka soke nasararsa bayan ƙorafi.

Amma faɗin nan yana da ranar ƙin dillanci. Jirgi mai nauyi a ƙasa, in ya kife, yakan iya miƙewa da kansa. Katamaran in ya kife ya kife ke nan, faɗin da ya hana shi karkata shi zai hana shi juyowa. Hokule'a kansa ya kife a 1978 cikin guguwa kusa da tsibirin Molokai, aka rasa ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Eddie Aikau, wanda ya tafi neman agaji bai dawo ba. Don haka fasinjan da ya ga jirgi ba ya motsi ya ture rigar kariya gefe, ga giya a ciki, ga shi bai iya iyo ba, ya yi ganganci da ransa.

Ga masu kasuwar yawon buɗe ido, babbar fa'idar katamaran ita ce rashin wannan doguwar ƙafa. Mita ɗaya ko ɗan fiye na ruwa ya ishe shi wucewa. Wuraren da babban jirgi ba zai kusanta ba, shi yana shiga da jama'arsa. A nan labarin ya fara sauya launi.

A kan hanyar Sawona, daura da gaɓar Palmiya, akwai wani tudun rairayi a cikin teku da kusan duk jirgi ke tsayawa. Ana ɗaruruwan mitoci daga gaɓa, amma ruwan iyakar ƙugu ko ƙirji. Ma'aikata su sauke tsani, baƙi su faɗa. Launin ruwan ne ke fara ɗauke hankali, tsakanin shuɗi da kore, garau har mutum na ganin yatsun ƙafarsa. Dalilin launin ba wani ɓoyayye ba ne. Hasken rana haɗin launuka ne, ruwa kuma ja yake fara shanyewa, shuɗi ne ke jurewa. A wuri mai zurfi hasken yakan tafi ƙasa bai dawo da yawa ba, sai ruwan ya yi shuɗi mai duhu. A wuri marar zurfi mai farin rairayi a ƙasa, hasken kan bugi rairayin ya komo ido, an rage masa ja kaɗan kawai, sai a ga wannan launi da ake bugawa a takardun talla. Garau ɗin kuma saboda babu babban kogi kusa da zai zubo laka, kuma ruwan wurare masu zafi irin wannan ba shi da yalwar ƙananan halittun da ke gurɓata shi.

A ƙasan ruwan akwai tauraron teku, wata halitta mai hannu biyar, ja ko ruwan goro, wadda babba kan kai faɗin faranti. Shekara da shekaru hoton da kowa ke so ya koma gida da shi shi ne yana riƙe da ita sama da ruwa yana murmushi. Ita kuwa ba ta da huhu. Ta wasu ƙananan tsiro masu taushi a fatarta da ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashinta take shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa. Da an ɗaga ta sama numfashinta ya yanke. Mutum ɗaya ya ɗaga ta na daƙiƙa goma ya mayar, ƙila ta farfaɗo. To, amma jirgi na bin jirgi, hannu na karɓa daga hannu, hannuwan duk shafe da man kariya daga rana, tun hantsi har azahar, kullum. Yanzu an hana fitar da su daga ruwa, masu jagora na gargaɗi tun kafin a sauka, sai dai duk wanda ya san wurin a da zai gaya maka sun ragu sosai.

Shi kansa rairayin Sawona, fari fat mai laushi, da tsakar rana ma mutum na iya taka shi ba takalmi. Yashin da aka sani a koguna gutsattsarin duwatsu ne da ruwa ya niƙa. Na nan kuwa yawancinsa alli ne, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa, kuma daga jikin halittu ya fito: murjani, da ɓawon ƙananan dabbobin ruwa, da wani gansakuka mai tauri. Fari ne, yana mayar da hasken rana, shi ya sa ba ya ɗaukar zafi kamar baƙin yashi. Cikin masu niƙa shi akwai kifin aku, wanda haƙoransa suka haɗe suka zama kamar bakin tsuntsu. Yini yake yi yana kankare gansakukan da ke kan duwatsun murjani, yana haɗawa da dutsen, wasu haƙora a maƙogwaronsa su niƙe, ya kasayar da farin rairayi. Babba daga cikin manyan jinsunansa na iya fitar da ɗaruruwan kilo a shekara. Kankarar nan tasa kuma ita ke hana gansakuka rufe murjani ya kashe shi. Da masunta suka matsa masa, gwamnatin ƙasar ta hana kamunsa na wani lokaci a 2017. Baƙon da aka kawo masa soyayyen kifi a bakin teku yana da haƙƙin ya tambayi wane iri ne.

Tsibirin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 110, kuma yana cikin gandun da gwamnati ta keɓe tun 1975, abin da ya sa babu manyan otal-otal a kansa. Kolombus ya ratso ta nan a 1494, aka sa wa tsibirin sunan Savona, garin abokin tafiyarsa Michele da Cuneo a Italiya. Mutanen Tayino da ya tarar Adamanay suke ce masa. A cikin kogunan dutsen tsibirin ne sarkinsu Kotubanama ya ɓuya lokacin da Sifaniyawa suka murƙushe yankin Higuwai, aka kamo shi a 1504 aka rataye shi a Santo Domingo. Yau gandun sunansa yake amsawa. Abin takaici ne a ce mutum ya wuni a tsibirin, ya ci shinkafa da wake da gasasshiyar kaza a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ya koma bai ji ko sunan mutumin ba.

Mazauna tsibirin 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu a ƙauyen Mano Huwan mai gidajen katako masu fenti kala-kala. Baƙon da ya zo a katamaran ya riga ya biya komai a otal ko ta intanet, har abincin rana, don haka abin da ke faɗawa hannun ɗan ƙauyen bai wuce cinikin kwakwa da sarƙar wuya da tausa a bakin ruwa ba. Da yawan jiragen ma ba sa zuwa ƙauyen. A Mano Huwan ne kuma ake da ɗan wurin kula da ƙwan kunkurun teku. Macen kunkurun kan fito da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai fiye da ɗari, masu kula su kwashe waɗanda ke cikin haɗari su adana har su ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu, a saki 'ya'yan su gangara ruwa.

Jamhuriyar Dominikan ta karɓi baƙi fiye da miliyan 10 a 2023, Sawona kuma na sahun gaba cikin wuraren da suke zuwa. Kowane jirgi da ya jefa anka yana iya yage ciyawar ƙasan teku ko ya karya murjanin da ya yi shekaru gommai yana girma. A Bayahibe akwai cibiyar binciken teku ta FUNDEMAR, wadda ke renon murjani a ƙarƙashin ruwa tana dasawa a inda ya mutu, ana kuma kafa tulunan roba masu yawo a saman ruwa, ɗaure da igiya zuwa ƙasa, domin jirgi ya ɗaura a jiki maimakon jefa anka. Aiki ne mai kyau, amma ana yinsa ne a daidai lokacin da murjanin Karibiyan ke fama da wata cuta da ta ɓulla a Florida a 2014 ta bazu, ga kuma zafin ruwa irin na 2023 da ya sa murjani ya koɗe a faɗin yankin. Murjanin da ke jinya ba zai jure ƙafa da anka da man shafawa ba. Hawai da Palau sun riga sun hana sayar da man rana mai wasu sinadarai, irin su oksibenzon, saboda wannan dalili.

Wasu ƙasashe sai da ta kai su ga rufe ƙofa. Gaɓar Maya a Tailan, wadda fim ɗin The Beach na 2000 ya fito da ita, ta kai tana karɓar mutum kusan 5,000 a rana, har yawancin murjaninta ya lalace. A watan Yunin 2018 hukuma ta rufe ta, da niyyar 'yan watanni, rufewar ta kai shekara uku da rabi. Cikin wannan hutu ƙananan kifayen shak suka dawo suna haihuwa a wurin. Filifin ma ta rufe tsibirin Borakai wata shida a 2018, dubban ma'aikata suka zauna ba aiki.

Wannan ne abin da ya kamata masu jiragen Bayahibe su fi kowa tsoro, domin rufewa kwatsam matuƙi da mai dafa abinci da mai sayar da kwakwa take fara kayarwa, kamfanin da ke da otal a wasu ƙasashe kuwa sai ya karkata baƙinsa wani wuri. Ƙayyade yawan jiragen da ke tsayawa a Palmiya a lokaci guda, da tilasta ɗauri a tulu, da ware wani kaso na kuɗin shiga gandun ga mutanen Mano Huwan, duk sun fi arha a yi su tun yanzu. Da aka sake buɗe Maya a watan Janairun 2022, sharuɗɗan da aka gindaya sun fi waɗannan tsauri nesa ba kusa ba: jirgi ba ya shiga gaɓar ko kaɗan, sai dai ya sauke mutane a wata mashiga ta bayan tsibirin su tako da ƙafa, an ƙayyade adadinsu da lokacin da za su yi, an hana iyo, kuma kowace shekara ana rufe wurin na kimanin wata biyu a lokacin damina.