Madubin Hangen Nesa A Kan Bindiga: Abin Da Yake Nunawa Da Abin Da Yake Ɓoyewa

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya ya san Gurbin Ɓore, garin manoma da ke kusa da iyakar Jihar Zamfara da Jihar Katsina. A da, bindigar da aka sani a wannan yanki ita ce ta toka, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi ta baki, ya harba sau ɗaya, sa'an nan ya koma gefe ya sake ɗuri. Don haka ne ma ake yi mata laƙabi da harbi-ka-ruga. Amma tun da fitinar 'yan bindiga ta kunno kai a dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, sai hirar makamai ta shiga bakin kowa, har yara ƙanana sun san sunan AK-47. Wani abin da ake yawan tambaya a kansa shi ne madubin nan da ake ɗaura wa bindiga, wanda wasu ke zaton duk mai riƙe da shi ba ya kuskure. To, ya kamata mu tsaya mu duba asalin wannan madubi, da aikinsa, da abin da dokar ƙasa ta ce.

ASALINSA

Ilmin gani da haske tsoho ne. Malamin nan na Basra, Ibnul Haisam, ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekaru dubu da suka wuce, inda ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. A shekarar 1608 wani mai sana'ar tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar madubin hangen nesa, a 1609 kuma Galileo na Italiya ya ƙera nasa ya duƙufa kallon taurari. Wajen 1640 wani Bature ɗan Ingila, William Gascoigne, ya lura da zaren gizo-gizo a cikin madubinsa, ya ga zaren ya fito sarai tare da abin da yake hange. Daga nan aka samo layukan nan biyu masu gicciye juna da ake auna abu da su.

Masu nazarin taurari ne suka fara cin moriyar abin, daga baya maharba da soja suka karɓa. An yi amfani da bindigogi masu madubi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, haka kuma a yaƙin duniya na farko da na biyu. A 1963 sojan Tarayyar Sobiyat suka fara aiki da bindigar Dragunov, wadda aka ƙera tare da madubinta mai ninka girman abu sau 4. Irinta ce ake kira mai ɗura wa kanta harsashi: in an ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ne zai fita, ita kuma ta shirya na gaba da kanta. Ta bambanta da mai ɓarin wuta, wadda ba ta tsayawa sai an saki kunama ko harsashi ya ƙare.

AIKINSA DA IYAKARSA

Madubi mai ninki 4 yana sa abin da ke nisan mita 400 ya bayyana kamar yana mita 100. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, ba ya ƙara masa nisan tafiya, ba ya kuma hana shi sunkuyawa ƙasa ko karkata in iska ta buge shi.

Bayan haka, kowane ninki yana da farashinsa. Gwargwadon yadda madubi ya kusanto da abu, gwargwadon yadda yake ƙuntata filin da ido ke gani. Mai leƙe ta cikinsa kamar mai leƙe ne ta kafar ƙyaure: yana ganin abin da ke gabansa sosai, amma bai san wanda ke tahowa daga dama ko hagu ba. Haka nan rawar hannu da numfashi su ma ninkuwa suke yi. Ga ƙurar hunturu da hazo, ga duhun daji da damina, lokacin da dawa da gero suka fi mutum tsawo. Sa'an nan madubin abu ne mai laushi. In ya bugu, ko mazauninsa ya yi sako-sako, sai layukan su nuna wuri daban, harsashi ya tafi wuri daban, mai harbin kuwa bai sani ba. Wannan ne ya sa rundunonin soja ba su miƙa irin wannan kaya ga kurtu sai ya sha horo, kuma suna da ma'aikata na musamman masu kula da shi.

Amma babbar iyakarsa ba ta ƙarfe ko gilashi ba ce. Madubi yana nuna siffar mutum, ba ya nuna ko shi wane ne. Manomi mai saɓe da fartanya, da makiyayi mai rataye da sanda, da ɗan bindiga mai rataye da makami, daga nesa inuwarsu kusan ɗaya ce. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Tudun Biri ta Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna ba, ranar 3 ga Disamba, 2023, sa'ad da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu bikin Mauludi, mutane fiye da 80 suka rasu, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne. In har na'urorin hukuma, da ƙwararrun da ke sarrafa su, za su iya wannan kuskure, ina ga saurayin da fushi da tsoro suka cika wa zuciya?

ABIN DA DOKA TA CE

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa makami mai nisan zango yana sauya tarihi. A watan Fabrairu na 1903, a kusa da Kwatarkwashi cikin ƙasar Zamfara, dawakin Kanawa suka gwabza da sojan Turawa, Waziri Ahmadu ya faɗi a fagen fama. Ranar 15 ga Maris na wannan shekara Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, sai dai takobi da mashi ba su isa inda harsashi ke isa. Tun kafin nan, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, wato irin na soja, da masu ɓarin wuta, da ƙananan bindigogin hannu. Ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda kuwa aka kama da su ba izini hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na farauta da makamantansu, lasinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasinsu. Ashe ke nan farar hula a Gurbin Ɓore ko Gusau ba shi da hurumin mallakar bindigar soja, balle a zo maganar madubin da zai ɗaura mata.

A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasin bindiga don kare kai, shugabannin tsaro na tarayya kuwa suka nuna rashin amincewa. A Janairun 2024 jihar ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara don taimaka wa jami'an tsaro. A gefe guda, ƙasashen ECOWAS sun rattaba hannu kan yarjejeniyar hana bazuwar ƙananan makamai a Abuja cikin 2006, Nijeriya kuma ta kafa cibiyar ƙasa ta wannan aiki a 2021. Sai dai rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, wasu suka gangaro ta hamada, ga kuma iyakar Nijar dab da Shinkafi da Zurmi.

INA MAFITA?

Ba wanda zai zargi manomin da aka hana shi gonarsa, aka kore masa shanu, aka ɗora wa ƙauyensa haraji, in ya yi sha'awar makamin da ya fi na maƙiyinsa. Wanda ya kwana cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma tarihin wannan fitina ya nuna cewa ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta ƙara wa wutar mai ne, domin sau da yawa wanda aka huce a kansa ba shi ne mai laifin ba.

Hangen nesan da yankin ke bukata ba na kan bindiga ba ne. Shi ne jami'in kwastan da na shige da fice su tsare amanar kan iyaka, ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ma'ajiyar makamai ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, alƙali ya yanke shari'ar gona da burtali da wuri kuma bisa gaskiya, rahoton da mai unguwa ya kai ya sami mai saurare kafin dare ya yi. Ɗalibanmu masu karatun kimiyya kuma su tuna gilashin nan da ke kan bindiga ɗan'uwan wanda likita ke duba jinin mai zazzaɓi da shi ne, da wanda safiyo ke auna hanya da shi. Asibitocin karkarar Zurmi sun fi bukatar na likita.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maido manoman Gurbin Ɓore gonakinsu cikin kwanciyar hankali, amin.