Don mi kira ke ƙin shiga ranar kasuwa?

Manoma da makiyaya, ran Alhamis a kasuwar Dole ta Damagaram kira yakan ƙi shiga. Ga dalili. Dogon ƙarfen salula, wato antan, hanyoyin maganarsa ƙidayayyu ne, kamar rijiya mai guga kaɗan. In jama'a ta yi yawa, sai wani ya jira.

Hukumar ARCEP ke raba wa kamfanoni hanyoyin nan. Hanya guda tana aiki a garuruwa biyu in suna nesa da juna, don muryoyi ba su haɗuwa. An kuma ƙera antan mai auna mai kira kamar tocila, maimakon watsa ƙarfinsa ko'ina. Ta haka mutane da yawa ke samun shiga.

Mai tambayar kuɗin hatsi ko na bisashe, ya kira da sassafe.