Kotun jinyar tsofaffin sojoji: Yadda take aiki da darasin da ke cikinta ga Zamfara

Tun daga farmakin Harbin Kunama da aka ƙaddamar a dajin Dansadau a 2016, zuwa Hadarin Daji da Fansan Yamma, ba a daina tura sojoji Jihar Zamfara ba. Garuruwa irin su Sakajiki a Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda, inda 'yan bindiga suka kashe mutane suka ƙona shaguna a watan Oktoban 2021, da ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, su ne fagen da waɗannan dakaru ke kwana suna tashi. Ana yawan maganar makamai da alawus ɗinsu, amma ba kasafai ake tambayar makomar sojan da ya ajiye kaki, ya koma gida da raunin da ido ba ya gani, har wata rana ya tsinci kansa gaban alƙali ba.

Wannan tambaya ce ta haifar da wani tsari a Amurka da ake kira kotun jinyar tsofaffin sojoji.

Asalin kotun

Alƙali Robert Russell ne ya buɗe ta farko a birnin Buffalo na Jihar New York a watan Janairun 2008, bayan ya lura da yawan tsofaffin sojojin da ke gurfana a kotunan da yake jagoranta na masu shaye-shaye da masu larurar ƙwaƙwalwa. Ya ɗora ta ne a kan tsarin kotun masu shan ƙwaya, wanda ya samo asali a Miami a 1989. A yau akwai ɗaruruwan irinta a Amurka.

Hujjar kafa ta ita ce yaƙi kan bar tabo a zuciya. Akwai larurar da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali: mugun mafarki, rashin barci, zabura da jin ƙara, saurin fushi da ƙaurace wa jama'a. Wasu kan nemi sauƙi a wurin giya ko ƙwaya, daga nan sai faɗa, tuƙi cikin maye ko rikici da iyali. Idan aka ɗaure irin wannan mutum ba tare da magani ba, zai fito da ciwon da ya shiga da shi.

Yadda take aiki

Ba sabuwar kotu ba ce mai gininta daban. Zama ne na musamman da alƙali ke warewa a cikin kotun da ake da ita. Wanda ake tuhuma ne ke amincewa ya shiga da kansa, kuma a wurare da dama sai ya amsa laifinsa tukuna. Daga nan alƙali da mai gabatar da ƙara da lauyan da ke kare shi da jami'an lafiya za su tsara masa jinya, wadda kan ɗauki shekara ɗaya ko fiye.

A tsawon wannan lokaci zai riƙa bayyana gaban alƙalin a kai a kai, ana gwada shi ko ya koma shaye-shaye, ana bibiyar zuwansa asibiti. Akan haɗa shi da wani tsohon soja da zai zame masa abokin shawara, domin soja ya fi sakin jiki da wanda ya san daɗi da wuyar kaki. Wanda ya kammala, akan sauƙaƙa masa hukunci ko a kori ƙarar. Wanda ya saɓa sharuɗɗa, ana iya tsare shi na 'yan kwanaki ko a mayar da shi shari'a ta yau da kullum. Da yawa daga cikin kotunan ba sa karɓar manyan laifuffuka irin su kisa da fyaɗe.

Abin da dokokin Najeriya suka tanada

Sojan da ke bakin aiki yana ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soji, kuma kotun soja ce ke sauraron laifuffukan aikinsa. Da zarar ya yi ritaya ko an sallame shi, duk laifin da ya aikata bayan nan, kotun majistare ko babbar kotu ko kotun shari'ar Musulunci ce za ta yi masa hukunci kamar kowa. Sashe na 51 na dokar Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, sai dai mai fama da firgicin yaƙi galibi yana cikin hayyacinsa, don haka da wuya wannan kariya ta amfane shi.

Duk da haka akwai tubalan gini. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ba alƙali damar jingine hukunci ko sanya mai laifi aikin al'umma, amma sashe na 460 ya cire laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara 3. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kafa sashen kula da masu hukuncin da ba na ɗauri ba. Sannan a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta fuskar abokan shawara kuwa, Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya na da rassa a jihohi.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce wurin jinya. A Amurka akwai ma'aikatar tsofaffin sojoji mai asibitocinta, ita ke ɗaukar nauyin jinyar mafi yawan waɗanda suka shiga shirin. Mutumin Shinkafi ko Zurmi kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kusa da shi shi ne na Kware a Jihar Sakkwato, ga hanya mai haɗari, ga kuɗin mota. Umarnin jinya ba tare da likita ba, rubutu ne a kan ruwa.

Ta biyu ita ce adalci. Ɗan kasuwar da wani tsohon soja ya fasa wa kai na da haƙƙin tambayar dalilin da zai sa a sassauta wa wanda ya cuce shi. Matar da mijinta ke duka ita ma tana buƙatar kariya kafin komai. Don haka tilas a saurari wanda aka zalunta, a biya shi diyya, kuma likita ne zai tabbatar da larurar, ba katin shaidar soja ba. Tsarin sulhu da al'ummar Zamfara ta saba da shi na iya taimakawa a nan.

Ta uku ita ce wa za a kira tsohon mayaƙi. 'Yan sandan kwantar da tarzoma, da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024, duk suna ganin abin da soja ke gani. Haka mazauna Sakajiki da suka binne 'yan uwansu. Idan za a yi tsari, zai fi dacewa a gina shi kan larura, ba kan kaki kaɗai ba.

Matakin da ya fi sauƙi shi ne kotuna su riƙa tambayar wanda ake tuhuma ko ya taɓa aikin tsaro a fagen daga, a tura shi gwajin likita kafin yanke hukunci a ƙananan laifuffuka, sannan a ware zama na gwaji a Gusau ko Ƙaura Namoda. Dakarun da ke dajin Zamfara a yau za su dawo cikin unguwanni da kasuwanni, kuma shirin tarbarsu ya kamata a fara shi tun kafin su iso.