Dutsen da Ke Cin Haƙoran Kabayid

A duba faifan zarton inji na kafintoci da kyau, za a ga haƙoransa ba irin ƙarfen jikinsa ba ne. Wasu ƙananan gutsattsari ne masu launin toka da aka liƙa ɗaya bayan ɗaya. Irinsu ne a bakin abin huda kankare, da wuƙaƙen injin sassaƙa ƙarfe, da kan bakin injin haƙa rijiyar burtsatse. Sunan abin kabayid na tungsten, kuma babu ruwansa da kabayid ɗin da masu walda ke jiƙawa don samun gas.

Garin tungsten ne da kabon ake gaurayawa da ɗan ƙarfen kobalt, sau da yawa kashi 6 zuwa 12 cikin ɗari, a matse, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,400. Karl Schröter na kamfanin Osram a Jamus ne ya fito da dabarar a 1923, bayan 'yan shekaru kamfanin Krupp ya shigar da shi kasuwa da sunan Widia. Yana da tauri ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa. In ya sha wuya, tsagewa yake yi. Duk zaɓen dutsen washinsa a kan waɗannan halaye biyu yake tafiya.

Dutsen nan mai ruwan toka da ke zuwa da injin washi, na alminiyam oksayid ne, don ƙarfe aka yi shi. A ɗora masa kabayid, sai dai a ji ƙara, wurin ya yi zafi, dutsen ya yi santsi, haƙori kuwa yana nan yadda yake. Ƙwayoyin dutsen ba su fi abin da aka ba su tauri ba.

Sai koren dutse, na silikon kabayid, wanda yawancin masu washi suka sani. Yana ci, amma da ƙyar, kuma shi ma yana zubewa da sauri. Wanda ya sa gilashin ƙara girma ya dubi bakin da aka wasa da shi zai ga ƙananan ɓantarori jere a kan kaifin. Don gyaran bakin huda kankare ya wadatar. Zarton da ake so ya yanka katako sumul kuwa, bai isa ba.

Daimon ne maganin kabayid. Tun da kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa daimon a ɗakin gwaji a Amurka a 1954, faifan daimon ya zama abin da ƙaramin shago zai iya saya. Ba dunƙulen daimon ba ne, siririn layi ne na 'yan milimita a gefen faifan. Abubuwa uku ake karantawa a jikinsa. Lambar ƙwaya: 100 zuwa 150 na rage nama ne idan haƙori ya ɓantare, 220 na washin yau da kullum, 400 zuwa 600 na gamawa. Sai yawan daimon, inda 100 ke nufin kashi ɗaya cikin huɗu na layin daimon ne, kuma 75 ko 100 ya ishi yawancin aiki. Sai abin da ya riƙe ƙwayoyin. Mai riƙon ƙaro, wato rezin, shi ya fi dacewa, domin yana sakin ƙwayar da ta dakushe sabuwa ta fito, ba ya kuma tara zafi sosai. Mai riƙon ƙarfe ya fi ƙarko, amma cinsa a hankali ne.

A nan ne mutane ke asarar kuɗinsu: daimon ba ya shiri da ƙarfe. Da zafi ya tashi, ƙarfen yakan zuƙe kabon ɗin daimon, faifai mai tsada ya cinye a banza. Saboda haka wuƙar da aka liƙa wa kabayid dutse biyu take so. A fara rage ƙarfen da ke ƙarƙashin haƙorin da dutse mai ruwan toka, sannan a kai haƙorin kaɗai ga daimon. Faifan CBN, wanda ya yi kama da na daimon a ido, na washin ƙarfe mai tauri ne, kada mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Al'adar tsoma wuƙa mai zafi cikin gwangwanin ruwa ita ma a bar ta. Ko dai ruwa ya riƙa zuba a kai tun daga farko har ƙarshe, ko a wasa a bushe da hannu mara nauyi. Sanyin farat ɗaya yana tsaga kabayid tsagin da ido ba ya gani, sai ranar aiki haƙori ya fita kamar harsashi. Idan faifan ya daina ci, a goga masa farin sandan gyara ya buɗe, ba a ƙara danna shi ba. A kuma duba iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa kafin a ɗaura shi a inji.

Ƙurar wannan aiki tana ɗauke da kobalt, kuma shaƙarta shekara da shekaru na jawo ciwon huhu mai sa tari da sarƙewar numfashi, wanda tabonsa ba ya gogewa. Ɗankwali ko hankici a hanci ba ya tare ta. Iyayen gida masu shago, ku saya wa yaranku takunkumi mai matata da tabarau, ku riƙa yin washin da ruwa a inda iska ke shiga.