Kuɗin Asibiti: Wa Ke Biya, Kuma Yaushe?

Duk sanda hira ta faɗa kan asibiti a majalisun garin Utai da ke Jihar Kano, ba a jimawa sai wani ya kawo zancen Masar ko Indiya: wai can likita na sauraron mutum, na'urori na aiki, ba a tura ɗan jinya waje sayen safar hannu. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya sauka Alƙahira da dala a aljihu asibitin kuɗi ya gani, bai leƙa inda talakan Masar ke bin layi ba. Tun da aka saki naira a 2023 kuwa, tafiyar ta gagari masu rufin asiri ma. Abin da ya dace a gwada tsakanin ƙasashe shi ne wanda ke biyan kuɗin magani, da lokacin da yake biya.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, a ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Manomin da aka tura matarsa daga Babban Asibitin Wudil zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, sai ya karyar da tunkiya ko buhun gero kafin a yi mata aiki, shi ya sa da yawa ke tsayawa a kemis har ciwo ya ci jiki. A Ingila, tun 1948 haraji ne ke ɗauke da wannan nauyi. Za a ce ai Ingila mai arziki ce. To, Nijar fa? A 2006 ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, Ghana kuma ta kafa inshorar lafiya tun 2003. Gaskiya ne gwamnatin Nijar ta riƙa jinkirin biyan asibitoci har magunguna suka yanke a wurare, amma wannan laifin kasafi ne. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari ga lafiya, gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta ko kusanto shi ba.

Masu ɗari-ɗari da inshora su lura cewa tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano ɗan'uwan adashi ne: a zuba ana lafiya, mai larura ya ɗauka. Dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, sai dai an fi gina ta a kan albashin wata, alhali manomin Utai da kaka yake ganin kuɗi. A lokacin ne ya kamata a je karɓar gudummawarsa.